Ƙarafa Biyu a Bangon Ɗakin Ninki

A gidan wankin da ke bayan tashar mota, in ka wuce ɗakin injuna inda sai an yi ihu ake jin magana, ka wuce ɗakin guga inda zufa ke jiƙa mutum tun kafin hantsi, za ka tarar da wani ɗaki mai tsawo, taga ɗaya, dogon tebur ɗaya. Nan ne ɗakin ninki. Otal-otal da ƙananan asibitoci ne ke kawo zannuwan gado a wanke musu, a goge, a ninke. Mutumin da ke ninkewar ya yi shekara ashirin da shida a tsaye a ɗakin nan, har sunansa na yanka ya ɓace. Kowa Baba Ninki yake ce masa, har matarsa in tsokana ta taso mata.

Da can dako yake yi a tasha. Wata rana buhu ya murɗe masa baya, ya yi wata biyu a kwance, da ya tashi tsohon mai gidan wankin ya tausaya masa ya ce ya zo ya gwada aikin da ba ɗaukar nauyi. Bayan wata guda aka kawo masa abokin aiki, wani siriri mai surutun tsiya wanda komai da hagu yake yi, shi ya sa ake kiransa Bahago.

To, wanda bai taɓa yi ba zai ce ninke zanin gado wane aiki ne? Ya je ya gwada. Zanin babban gadon otal ya fi faɗin hannuwan mutum, ya fi tsayinsa, kuma ba a yarda ko gefensa ya taɓa ƙasa, in ya taɓa sai a mayar da shi wanki. Dole mutum biyu. Wannan ya kama kusurwa biyu, wancan ya kama biyu, su ja da baya har zanin ya miƙe, su kaɗa shi sau ɗaya ya yi fat, su haɗe hannuwa, sannan su tako su haɗu a tsakiya, ɗaya ya miƙa wa ɗaya nasa kusurwoyin. Saboda ƙarar injuna, Baba Ninki ne ke ba da murya. Ya ce, "Kama." Bahago ya ce, "Na kama." In sun haɗu a tsakiya ya ce, "Saki." Bahago ya ce, "Na saki." Haka ɗari uku, ɗari huɗu a wuni.

Abin da ya sa babu irinsu shi ne hagun nan. In masu dama biyu suka fuskanci juna, wannan zai juya zanin ta nan, wancan ta can, sai ya murɗe a tsakiya a tsaya ana faɗa. Amma damar Baba Ninki da hagun Bahago gefe ɗaya suke kallo, kamar mutum a gaban madubi. Ba su taɓa murɗe zani ba. Tsohon mai gida yakan kawo baƙi su tsaya a bakin ƙofa su yi kallo.

Baba Ninki ba mai magana ba ne, Bahago kuwa ko numfashi ba ya yi tsakanin zance da zance. Duk takun da za su yi su haɗu a tsakiya sai ya jefa masa wata.

"Wallahi na fi matarka sanin yawan furfurarka. Jiya goma sha bakwai ne a gemun nan, yau na ga baƙuwa."

"Saki."

"Na saki. Kai dai ba ka da daɗin hira, Allah ya haɗa ni da bango mai numfashi."

A ɗakin nan Bahago ya ba shi labarin haihuwar 'ya'yansa biyar ɗaya bayan ɗaya. A nan ne kuma, ranar da Baba Ninki ya dawo aiki bayan rasuwar babban ɗansa, Bahago ya yi wuni guda cur bai ce komai ba sai "na kama" da "na saki". Baba Ninki bai taɓa gode masa a kan wannan ba, amma bai manta ba.

Tsohon mai gida ya rasu, gidan ya koma hannun 'yarsa ta ƙarshe. Su biyun sun san ta tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburin ninki, har sun sha sa ta cikin zani su yi mata lilo. A bayan idonta Auta suke ce mata, a gabanta kuwa ranki ya daɗe. Ita kuma ba ta taɓa kiran ɗayansu da wani abu ba sai Baba. Ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauke ta haka. Mace ce da aka bar wa tsofaffin injuna da ma'aikata goma sha ɗaya.

Shekara biyu kafin a yi maganar ƙarin albashi, aka yi wa Bahago aikin ƙaba a asibiti, likita ya ce sai ya yi sati shida bai ɗaga ko bokiti ba. Auta ta ce za ta nemo wani ya riƙe masa wurin kafin ya warke. Baba Ninki ya san irin wannan riƙon. An taɓa kawo wani ya riƙe wa mai guga wuri na sati biyu, yau shekararsa tara, mai gugar kuwa ba wanda ya san inda yake.

"Ranki ya daɗe, ba ni kwana biyu," ya ce. "In kaya suka taru, ki kawo wanda za ki kawo."

Ya je wurin masu tsofaffin ƙarafa ya samo manyan ƙarafan matsi guda biyu, irin waɗanda ake kama bargo da su a igiyar shanya. Ya naɗe bakinsu da tsumma mai laushi don kada su yaga zani, ya ɗaure su a jikin katako, ya kafa katakon a bangon da Bahago ke juya wa baya. Bai yi awo da tef ba. Tsayawa ya yi ya rufe ido ya tuna inda hannuwan Bahago ke kaiwa, har ya ɗan ɗaga na hagun sama da na daman, don haka mutumin yake riƙo. Sai ya maƙala kusurwa biyu a ƙarafan, ya ja da baya, ya kaɗa, ya tako, ya cire. Ranar farko ya sha wuya. Kafin sati ya ƙare yana gama kayan wuni shi kaɗai, sai dai ya tashi a makare kafaɗunsa na zogi. Ba a kawo kowa ba. Bahago ya warke ya tarar da wurinsa yana jiransa.

Da a nan Baba Ninki ya cire katakon ya jefar, da ba a ba da wannan labarin ba. Amma ina! Mutumin da tunda yake ba a taɓa cewa ya ƙirƙiro komai ba, yau ga masu guga suna leƙowa suna cewa, "Kai, Baba, ashe injiniya ne kai!" Kansa ya kumbura. Da ƙafarsa ya je ofis ya kira Auta ta zo ta gani, ya ninke zani uku a gabanta shi kaɗai, yana yi yana satar kallon fuskarta. Ta tafa masa. Bahago ma da ya dawo dariya ya yi ta yi, ya ce, "Wato ƙane ka yi mini da ƙarfe? To, ya fi ni ladabi, ba ya magana." Ya mayar da ƙarfen hagun wurin rataye hularsa. Haka katakon ya zauna a bango shekara biyu.

Labarin ƙarin ya zo ne da safe, a rediyon mai gadi. Gwamnatin jiha ta ɗaga mafi ƙarancin albashi, kuma dokar ta hau kan kowa, har masu ƙananan sana'o'i, daga farkon wata na uku. Masu guga suka yi ta buga tebur. Wata mai wanki ta fashe da kuka don murna. Su duka goma sha ɗayan a kan mafi ƙarancin suke, kuma rabon da a taɓa shi har an manta. Bahago ya shigo ɗakin ninki yana taka rawa da ƙafa ɗaya.

"Rufin ɗakina ya ga ta kansa! Bana in ruwa ya sauko, a waje zai tsaya ya yi sallama. Kai fa, me za ka yi da naka?"

"Kama."

"Na kama. Faɗi mana, marowaci."

Baba Ninki ya yi murmushi bai faɗa ba. Amma ya san abin da zai yi. Jikokinsa biyu, marayun da babban ɗansa ya bari, suna gidansa, babbar ta isa shiga sakandare. Ga matarsa da maganin hawan jini da take sha yau ta tsallake gobe don ya kai ƙarshen wata. Ranar nan, da ya koma gida, har tsokanarta ya yi, abin da ya daɗe bai yi ba.

Kasuwa ba ta jira wata na uku ba. Tun a satin farko mai gidan hayarsu ya aiko cewa zai zo su yi magana. Kuɗin mota ya tashi, sabulu ya tashi. A gidan wankin kuma Auta ta daina zama a ofis, kullum tana hanya daga wannan otal zuwa wancan tana roƙon a ƙara mata farashin wanki. Biyu suka yarda da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babban otal ɗin da ke kawo rabin kayan gidan ya ce su ma dokar ta same su, don haka ko dai a bar farashi yadda yake ko su sayi injinsu. Ta dawo ta wuce ta gaban ɗakin ninki ba ta gaishe su ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Baba Ninki ya ga ta ɗan tsaya a bakin ƙofa. Ba su take kallo ba, bango take kallo, inda hular Bahago ke rataye.

Sai a lokacin ya gane. Katakon da ya kafa ya riga ya nuna mata aikin na yiwuwa da mutum ɗaya.

Washegari ya riga kowa zuwa, ya ari sukundireba wurin mai gadi, ya kwance katakon, ya tura shi can ƙarƙashin tebur bayan kwandunan kaya. Wauta ce, shi ma ya san wauta ce, amma bai san abin da zai yi ba in ba wannan ba. Bahago ya zo ya ɗaga hannu zai rataye hula, ya ga ramuka huɗu a bango. Ya dube su, ya dubi abokinsa, ya cusa hular a aljihu. Ranar bai yi surutu ba.

Saura kwana goma dokar ta fara aiki Auta ta kira Baba Ninki ofis shi kaɗai. Ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Baba, mutum bakwai kawai zan iya riƙewa. In na ce zan riƙe sha ɗaya, kafin shekara ta zagayo na rufe gidan, kowa ya rasa. A ɗakinku mutum ɗaya zan bari."

"Ranki ya daɗe, aikin nan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Katakon ma ya lalace, na cire."

"Haba, Baba." Idonta ya cika da ƙwalla. "Kai fa ka kira ni na gani."

Ya murza hularsa ya ce, "To, ki ba mu albashin mutum ɗaya mu raba. Mun yarda. Ko ki bar mu a kan tsohon, ba wanda zai ji."

"Ka ga shagon ɗinkin da ke kusurwa? Haka suka yi. Jami'an ƙwadago suka zo suka sa masa kwaɗo. Duk wanda aka tarar yana aiki a gidan nan sai sunansa na takarda, duk wanda sunansa ke takarda kuma cikakken albashi ne. Dokar ba ta san rabi ba, Baba. Don kada a cuce ku aka yi ta haka."

"To, ai ga shi ba a cuce mu ba," ya ce. Bai yi nufin gatse ba, fitowa kawai ta yi.

Akwai magana ɗaya da ta rage, ya san ta, ita ma ta san ta. Ita ce ya ce a bar Bahago, shi ya tafi. Ta zo masa har kan harshe. Sai ya ga babbar jikarsa da ta riga ta gaya wa duk unguwa za ta shiga sakandare, ya ga kwalin maganin matarsa a kan taga. Ya buɗe baki ya rufe. Auta ta taimake shi, ta ce ai tun aikin da aka yi wa Baba Bahago ba ya iya miƙa sosai, ba zai jure ninkin mutum ɗaya ba. Gaskiya ta faɗa. Amma Baba Ninki ya san tun kafin ta faɗa ya riga ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi komai ci masa rai.

Bahago bai yi rigima ba. Da aka gaya masa cewa ya yi, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya koma ya kama kusurwarsa. Ranarsa ta ƙarshe, da aka tashi cin abincin rana, ya durƙusa da ƙyar ya jawo katakon daga ƙarƙashin tebur.

"Ka ɗauka ban san inda ka ɓoye ƙanena ba? Riƙe mini nan."

"Bar shi, Bahago."

"In bar shi ka ninke da haƙori? So kake mu zama biyu a gida? Riƙe, malam."

Baba Ninki ya riƙe katakon, Bahago ya ɗaure shi da hagunsa, ya ja ya ji ya yi ƙarfi. Ya canza tsumman bakin ƙarafan da sabo. Sannan ya tsaya a gabansu ya juya baya ya ɗaga hannuwa yana gwadawa. "Kai, ka iya awo, mugu. Ko tela bai san ni haka ba." Ya sa hularsa ya fita. Baba Ninki ya so ya ce masa ya yafe shi, amma ya rasa ta inda zai fara, don a iya saninsa taimako ya yi.

Sabon albashi ya zo, kuma ba za a yi ƙarya ba, ya yi amfani. Yarinya ta shiga makaranta, matarsa ta daina tsallake magani, sauran kuwa haya da mota suka lashe. Masu gugar da suka rage suna aikin mutum biyu-biyu, ba mai sauran ƙarfin buga tebur. Baba Ninki ya je gidan Bahago da ɗan abin da ya ware a aljihu. Ya tarar da robobi uku jere a tsakar ɗaki suna jiran ruwan sama. Bahago ya karɓe shi da fara'a, ya yi ta zuba, amma da ya ga hannu ya nufi aljihu sai ya ɗaure fuska ya ce in ya fito da abin nan kada ya ƙara tako masa gida. Ya nemi aiki a gidajen wanki uku, ko'ina ragewa ake yi. Wa zai ɗauki mai shekara sittin da ɗinki a ciki a kan sabon albashi? Daga baya surukinsa ya ba shi tire yana yawo da reza da ashana da batir a tasha.

A ɗakin ninki yanzu ba a jin komai sai injuna. Baba Ninki yakan maƙala, ya ja da baya, ya kaɗa, ya tako. Wani lokaci yakan ji bakinsa ya ce "kama", sai ya waiga ko wani ya ji.

Wata ranar Laraba da rana tsaka babban otal ya aiko da zannuwan ɗakin taro, manya-manyan da ake shimfiɗa wa dogayen tebura, waɗanda sun fi ƙarfin tazarar ƙarafan. Baba Ninki yana ta fama da ɗaya, ya maƙala nan can ya zame, tsakiyarsa na neman taɓa ƙasa, sai ya ji nauyin ya ragu. Ya ɗaga kai. Bahago ne. Ya biyo don ya gaida mai gadi, ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya ajiye tirensa a bakin ƙofa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma kusurwa biyu na hannunsa, na hagun ya ɗan fi na daman tsawo, fuskarsa kuma kamar an ba shi kyauta.

"Na kama," ya ce, tun ba a tambaye shi ba.

Suka ja da baya. Zanin ya miƙe, suka kaɗa, ya yi fat ɗin da ƙarafa ba su taɓa iya fitarwa ba. Baba Ninki ya ji kafaɗunsa sun sauka, ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Bahago har ya fara: "Furfurar nan fa ta ƙaru, wa ke ƙirga maka yanzu?"

"Baba."

Auta ce a bakin ƙofa, ta yi tsuru-tsuru. Ba Bahago ta kira ba, ta kasa ko kallonsa. Ta matso kusa da Baba Ninki ta yi ƙasa da murya. Motar jami'an ƙwadago tana layin nan tun safe, yanzu suna gidan burodi, daga can nan za su shigo. In suka ga wanda ba ya takarda riƙe da zani, mutum bakwai ne za su kwana ba aiki. "Don Allah, Baba, kai ka gaya masa. Ni ba zan iya ba."

Ta fita. Bahago bai ji abin da ta ce ba saboda injuna, yana can ƙarshen zanin yana jira a tako, yana murmushi. Tsakaninsu taku shida ne. Baba Ninki ya duba ko akwai wata hanya, bai ga ko ɗaya ba. Ko zanin nan guda ɗaya ba za a bari su ƙarasa ba. Bai tako ba, daga inda yake ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Saki."

Bahago ya ɗaga gira, don ba a nan ake faɗar ta ba. Ya dubi abokinsa, ya dubi ƙofar da Auta ta bi, murmushin ya tafi a hankali. Bai jefar da zanin ba. Ya juya ya maƙala kusurwa ɗaya a ƙarfen dama, ɗaya a na hagu, ya ja ya tabbatar ba za su zame ba.

"Na saki," ya ce.

Ya ɗauki tirensa ya fita ta ƙofar baya. Baba Ninki ya tsaya riƙe da nasa ɓangaren, tsakiyar zanin ta yi ciki a hankali har ta kwanta a ƙasa. Yana kallo bai iya motsawa ba. Sai da aka mayar da shi wanki.